Kore, Ja da Toka-toka

Daren Jumma'a, unguwar Zariya ta yi tsit,
sai injin niƙan gidan Tanimun da bai san dare ba.
Na buɗe kwamfuta bisa tabarma,
na ce wa manhajar: to, faɗi,
me na yi da makona?

Ba ta gaishe ni ba.
Ba ta tambayi gajiya ba, balle mutan gida.
Faifai ta miƙo mini, an tsaga shi uku:
kore na aiki, ja na shiririta,
toka-toka kuwa, wai lokacin da ba a san inda ya shiga ba.

Awa talatin da ɗaya da minti shida.
Alhaji Ɗan Barto na arba'in yake biya.
Tara ba kaɗan sun yi ɓatan dabo.

Na bi su ɗaya-ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a wake.

Litinin da hantsi, toka.
Wannan ba laifina ba ne:
wuta ta tafi babu sallama,
na zauna ina fifita da takardar kuɗin riɗi
har batir ya ja numfashin ƙarshe.

Talata, minti arba'in da bakwai, toka.
Iya Tsahara ce ta shigo, waya ƙulle a bakin zane.
Ɗanta na Agadas ya aiko murya, ta kasa buɗewa.
Bai ce komai ba face
ina lafiya, saƙo na tafe.
Sau huɗu muka saurara.
A na huɗun ta ce ta ji alamar mura a muryarsa.

Laraba, toka mai faɗi.
Na ɗora Baba a kabu-kabu zuwa likita,
muka bi layi, aka gwada jini,
aka ce ya rage gishiri,
ya ce shi gishiri ne bai rage shi ba.

Sai Alhamis. Ja wur.
Awa biyu da rabi.
Nan kam ba ni da lauya:
kokowar bara nake kallo,
wadda na san wanda ya faɗi,
na san da wace ƙafa aka kwashe shi,
amma na zauna ina jira ko yau zai tsallake.
Buhu ɗari uku na jiran in shigar da su,
ni ina can ina taya wani ƙato addu'a.

Ƙasa da faifan akwai sanduna a jere
kamar karan gero bayan girbi.
Mafi tsawo duk bayan asuba suke,
kafin mai ƙosai ta hura wuta.
Shekara nawa ina cewa ni mutumin dare ne?
Ashe daren hamma kawai nake ba shi.
Wannan, na yarda, ta faɗa mini abin da ban sani ba.

Kakata da inuwar katanga take awon yini.
In ta kai bakin turmi, a ɗora tukunya.
Ban taɓa jin ta ce yini ya ɓace mata ba,
sai dai ta ce rana ta yi.

Akwai ɗan gurbi inda ake raɗa wa toka suna.
Na rubuta: Iya Tsahara.
Ta tambaya: aiki ko hutu?
Na nemi akwati na uku, babu.
Na daɗe yatsa na shawagi.
Na bar mata shi toka-toka, yadda ya zo.

A kusurwa, wani ɗan agogo yana tafiya tun ɗazu.
Minti ashirin da shida
ina ƙirga abin da aka riga aka ƙirga.
Ko wane launi za ta ba su?

Injin Tanimun ya yi shiru.
Na rufe allo, na sa waya ta tashe ni ƙarfe biyar.
Gobe motar Ɗan Isa za ta iso da riɗi,
kuma Iya ta ce za ta dawo,
a mayar wa yaron amsa, ya sha citta.